Fashin Baƙi: Yadda Ake Haɗa Fiffiken Ƙaramin Jirgin Katako, da Abin da Ke Sa Shi Murɗewa

Wanda ya tsaya kallon ƙaramin jirgin katako yana shawagi, ko mai rimot ne ko irin wanda ake murɗa wa roba a saki, yakan ɗauka inji ne ke yin aikin. Masu haɗa irin waɗannan jirage sun san ba haka abin yake ba. Jirgin da injinsa ya mutu a sama yana iya lallaɓowa ya sauka lafiya lau muddin fiffikensa daidai yake. Wanda fiffikensa ya murɗe kuwa, ko da digiri biyu ne a ɓari ɗaya, zai yi ta jan gefe tun daga tashi har ya kai ƙasa, kuma babu injin da zai cece shi.

Wahalar aikin ita ce ana neman abu uku a jiki ɗaya, ukun kuma ba sa ga maciji da juna. Ana son fiffike ya yi sauƙin nauyi, ya yi ƙarfi, ya kuma miƙe sak. Sabon shiga idan ya ji tsoron karyewa sai ya ƙara kauri, ya ƙara gam, ya zaɓi katako mai tauri. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe jirage, domin lissafin ba ya goyon bayansa. Ƙarfin da iska ke ɗaga fiffike da shi yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Idan nauyin jirgi ya ƙaru da kashi 21 cikin 100, mafi ƙarancin gudun da zai iya tsayawa a sama da shi zai ƙaru da kashi 10 cikin 100. Ranar da ya bugi ƙasa kuma, nauyin da gudun za su haɗu su sa ƙarfin bugun ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100. Ka ga an ƙara katako don gudun karyewa, an kuma sayo karyewar da kuɗinta. Ƙarfin fiffike daga tsarin da aka jera katakon yake fitowa, ba daga yawansa ba.

Katakon da aka fi amfani da shi shi ne balsa. Itace ne mai saurin girma da ke fitowa a ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma mafi yawan wanda ke kasuwannin duniya daga Ekwado yake zuwa. Cikin shekara shida zuwa goma ya isa sara. Ba kayan wasa kaɗai ake yi da shi ba: jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, an yi gangar jikinsa ne da balsa da aka sa a tsakanin fallaye biyu na filawud. Abin da ya kamata mai haɗa fiffike ya riƙe shi ne balsa ba iri ɗaya ba ce. Mita ɗaya a tsaye da kwance da faɗi na iya yin kilo 100, wani kuma ya kai 200 ko ya wuce. Ɗauki falle mai kaurin milimita 1.5, faɗin santimita 10, tsawon mita ɗaya. Mara nauyin zai yi giram 15, mai nauyin ya yi 30, alhali a ido ba ka raba su. Saboda haka ƙaramin sikeli ya fi ido amfani a nan. Ana auna kowane falle a rubuta nauyinsa a jiki, sannan a raba su biyu-biyu yadda ɓarin dama da na hagu za su samu katako iri ɗaya. Idan aka ba dama mai nauyi aka ba hagu mara nauyi, jirgin ya riga ya karkata tun ba a yanka komai ba.

Sai kuma jijiyar katako. Yadda aka tsaga gungumen ne ke nuna halin fallen. Akwai wanda jijiyarsa ke tafiya doguwa a miƙe, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi idan ka naɗe shi ta faɗinsa. Shi ake rufe goshin fiffike da shi, wato bakinsa na gaba, inda ake buƙatar ya bi zagaye. Akwai kuma mai ɗige-ɗige a fuska, mai ƙin lanƙwasuwa, wanda idan ka matsa masa sai ya tsage. Wannan shi ne na haƙarƙari, wato siraran yankunan da ake jerawa a tsaye daga goshi zuwa baya, da na bakin bayan fiffike, wuraren da ake so su riƙe siffarsu. Masu sana'ar suna kiran na farko A, na biyun C, na tsakaninsu B. Musanya su ba ya hana jirgi tashi a ranar farko, amma bayan makonni za ka ga haƙarƙarin ya fara gantsarewa a ƙarƙashin jan fata, wato takarda ko ledar da ake rufe fiffike da ita.

Kafin a yanka haƙarƙari sai an san siffar da za a ba shi, wato yadda fiffiken zai kasance idan aka datsa shi aka duba ta gefe. Aikin wannan siffa shi ne karkatar da iska zuwa ƙasa, matsin da ke saman fiffike ya ragu a kan wanda ke ƙasansa, bambancin ya ɗaga jirgi. Wadda masu koyo suka fi so ita ce Clark Y, wadda Virginius Clark ya tsara a 1922, kuma da ita jirgin Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika a 1927. Kaurinta kashi 11.7 cikin 100 ne na faɗin fiffike. Abin da ya sa ta samu karɓuwa a wajen masu ƙananan jirage shi ne cikinta a baje yake daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa baya, don haka haƙarƙari na kwanciya daram a kan allo ba sai an tallafe shi ba. Jiragen da ke yin alkafura da tafiya a kife suna son siffar da samanta da ƙasanta iri ɗaya ne. Irin wannan ba ta kwanciya, sai an bar wa kowane haƙarƙari 'yar ƙafa da za a yanke daga baya, ko a zura su a jikin sanduna biyu miƙaƙƙu. Ba aikin farko ba ne.

Akwai wani abu a nan da ke ruɗa mutane, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum zai ce bari in ɗauki fiffiken babban jirgi in rage girmansa, ai siffar ɗaya ce. Iska ba ta yarda da wannan. Idan fiffike ƙarami ne kuma gudunsa kaɗan, danƙon iska yakan yi tasiri fiye da yadda yake yi a kan babba mai gudu. Siririyar iskar da ke shafar saman fiffiken tana tafiya a natse, ba ta da kuzarin bin gangaren baya, sai ta saki jikin tun da wuri, ɗagawa ta ragu, ja ya ƙaru. Ma'aunin wannan abu sunan Osborne Reynolds yake ɗauke da shi, masanin da ya yi gwajin gudun ruwa a bututu a 1883. Wani Bajamushe, F. W. Schmitz, shi ya bi diddigin lamarin a kan ƙananan jirage, ya fitar da sakamakonsa a 1942: a wannan girman, fiffike siriri mai ɗan kaifin goshi ya fi mai kauri aiki. Daga nan ne aka gane dalilin wani abin mamaki. Fiffiken takarda mai 'yan tudu-tudu a sama, inda siraran sanduna suka ɗan turo fata, wani lokaci yakan fi wanda aka goge sumul tashi. Tudun na dama iskar, damammiyar iska kuma ta fi manne wa jiki. Har akwai masu manna zare a tsawon fiffike kusa da goshi da gangan don wannan. Ga jirgi mai fiffike mita ɗaya da rabi da inji mai ƙarfi abin bai dame shi sosai ba, amma ga ɗan ƙarami mai roba shi ne bambancin shawagi da faɗuwa.

Yanzu ga ƙashin. Haƙarƙari siffa kawai yake bayarwa, ba shi ke ɗaukar nauyi ba. Mai ɗaukar nauyi shi ne ginshiƙin da ya ratsa fiffike daga gindi zuwa ƙarshe, kuma ana ajiye shi ne a wurin da ya fi kauri, wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 daga goshi. Dalilai biyu ne. Can ne mafi yawan ɗagawar iska ke taruwa, can ne kuma ake da tsayin da za a yi amfani da shi. Tsayi kuwa shi ne komai: sanda idan ka ninka tsayinta sau biyu, ƙin lanƙwasuwarta na ninkuwa sau takwas.

A sama, iska na tura fiffike sama yayin da nauyin gangar jiki ke jan tsakiya ƙasa. Saman ginshiƙi yana matsuwa, ƙasansa yana jawuwa, tsakiyarsa kuwa kusan hutawa take yi. To me zai sa a ɗauki nauyin tsakiyar? Sai a yi sanduna biyu sirara, misali milimita 6 a kowane gefe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A jirage masu nauyi akan yi su da katakon sifurus, wanda ya ninka balsa nauyi kusan sau uku amma ya fi ta jure matsi nesa ba kusa ba. Da shi 'yan'uwan nan Wright suka yi ginshiƙan jirginsu na 1903. Sai dai sanduna biyun su kaɗai ba su zama ginshiƙi ba tukuna. Lanƙwasa littafi mai laushin bango ka dubi bakin shafukan, za ka ga suna zamewa a kan juna. Da za a manne shafukan, littafin ba zai lanƙwasu ba. Haka sandunan nan suke yi, suna zamewa, ta saman kuma ta lotsa tsakanin haƙarƙari biyu. Maganin shi ne ɗan allon tsakani: yankin balsa mai kaurin milimita 1.5 da ake mannawa tsakanin kowane haƙarƙari biyu, ya kama sandar sama da ta ƙasa. Dole jijiyarsa ta kasance a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, ba a kwance ba. A kwance zai tsage ta bin jijiyar daidai lokacin da ake buƙatarsa. Duka allunan nan ba su wuce 'yan giram ba, amma babu wani abu a jikin fiffike da ke biyan nauyinsa kamar su. Abin takaici su ne aka fi tsallakewa, saboda yanka su ɗaya bayan ɗaya akwai gundura.

Lanƙwasuwa ke nan. Murɗewa matsala ce daban, kuma ginshiƙi ba ya maganinta. Fiffiken da ke murɗuwa cikin sauƙi, idan jirgi ya ɗauki gudu, yana iya fara kaɗawa da kansa har ya tarwatse cikin daƙiƙa biyu. Abin da ke ƙin murɗuwa shi ne rufaffen bututu. Don haka ake rufe gaban fiffike da fallen balsa sama da ƙasa, daga goshi zuwa ginshiƙi, allon tsakani kuma ya rufe baya. Idan ka datsa ka duba za ka ga siffar harafin D. Muddin akwai gefe ɗaya a buɗe, fiffiken zai murɗu a hannunka. Da zarar an manne gefen ƙarshe sai ya ƙage. Wannan ƙagewar alheri ce kuma haɗari ce, domin duk yadda fiffiken yake a wannan lokacin, a haka zai dawwama. Idan a murɗe yake, ka kulle murɗin ke nan.

Shi ya sa aikin yake farawa daga allon da za a yi ginin a kai. Dole ya baje sarai, a gwada shi da doguwar rula ta ƙarfe a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, kuma ya zama fil na iya shiga jikinsa. A shimfiɗa zanen fiffiken, a rufe da siririyar leda don kada gam ya kama takarda. A kafa sandar ƙasa da bakin baya. Kada a soka fil a jikin sanda, domin ramin nan wurin karyewa ne. Ana gicciya fil biyu ne a kanta su danne ta. Sai a jera haƙarƙari ba tare da gam ba tukuna, kowanne a gwada shi da sikwaya. Wanda ya shiga da ƙyar a ɗan buɗe masa gurbi, wanda ya yi sako-sako a sake yanka wani. Duk abin da aka tura da ƙarfi ya shiga yana ajiye wannan ƙarfin a jikinsa, kuma ranar da aka cire fil zai rama. Wani abu kuma da ke ba mutane dariya sai ya same su: wasu zane-zanen ɓari ɗaya kawai suke nunawa. Wanda bai juya takardar ba zai wayi gari da fiffiken hagu guda biyu.

Yankan haƙarƙari ɗaya-ɗaya da reza yana yiwuwa, amma hanyar da ta fi ba da daidaito ita ce a yi samfuri biyu da filawud, a jera yankunan balsa a tsakaninsu, a ɗaure da kusoshi masu zare, a fere a goge gaba ɗaya har su koma dunƙule guda. Gurbin sanda ma a nan ake yanka shi a lokaci ɗaya, duk su zo a layi.

Maganar gam gajeriya ce. Farin gam na kafinta yana ɗaukar awoyi, amma ruwansa na bushewa ya bar nauyi kaɗan, kuma yana ba ka damar gyara kafin ya kama. Sufa gulu na kamawa nan take, sai dai ya fi balsa tauri, idan ka zo guga katakon zai ci ya bar gam ɗin a tsaye, tururinsa kuma yana yaji a ido. Efoksi ba ya rage nauyi ko kaɗan bayan ya daskare, don haka a bar shi ga tsakiya kawai, inda ɓangarorin fiffike biyu ke haɗuwa. Ko wanne ne, gam ba ya cike giɓi ya zama ƙarfi.

Kafin a rufe wancan bututu akwai murɗi ɗaya da ake yi da gangan. Fiffike idan aka ɗaga goshinsa fiye da kima, iska na sakinsa, ɗagawa ta faɗi. Idan ƙarshen fiffike ne ya fara rasa iska, ɓari ɗaya zai faɗa, jirgin ya juya ya nufo ƙasa da ka, kuma hakan ya fi faruwa lokacin sauka, inda babu sararin gyarawa. Don haka ake sa ɗan ƙaramin katako a ƙarƙashin bakin baya a can ƙarshe, ya ɗaga shi digiri ɗaya zuwa uku. Yanzu ƙarshen na fuskantar iska da kusurwa ƙasa da ta gindi, gindin zai fara saki, jirgin ya sunkuyar da hanci a miƙe maimakon ya kife. Sharaɗin shi ne dama da hagu su zama daidai wa daida. Katakon da aka tallafi dama da shi, shi ɗin dai za a tallafi hagu da shi, a kuma wuri ɗaya. Murɗin da ya bambanta tsakanin ɓangarorin biyu ya fi rashinsa muni.

Haɗa ɓangarorin biyu a tsakiya yana zuwa da ɗagi, wato ƙarshen kowane fiffike ya ɗan fi gindinsa tsayi, idan ka duba ta gaba ka ga kamar buɗaɗɗen V. Idan iska ta karkatar da jirgi, yakan zame zuwa ɓarin da ya yi ƙasa, ɓarin nan ya tari iska da kusurwa mafi girma, ya ɗago da kansa. Tun 1871 Alphonse Pénaud ya nuna wannan a birnin Faris da ɗan jirginsa mai roba, wanda ya lanƙwasa wa ƙarshen fukafukai sama. Jirgin da babu mai sarrafa shi yana buƙatar ɗagi mai yawa, wajen digiri goma a kowane ɓari, na koyo mai rimot kaɗan ya ishe shi, mai alkafura kuwa kusan babu. Saboda wannan ɗagi, haƙarƙarin gindi ba a tsaye sak ake kafa shi ba, ana jingina shi ne da ma'aunin kusurwar da aka yanka daga zane.

A nan ne duk nauyin ke taruwa. Jirgin da ya kwanta digiri 60 yana zagaye ba tare da ya sauka ba, fiffikensa na ɗauke da ninki biyu na nauyinsa, fitowa daga nutso da sauri kuma ya fi haka. Mafi yawan fukafukan da ke naɗewa a sama daga tsakiya suke naɗewa. Wannan ne wuri ɗaya da ban ga laifin nauyi ba: takalmin filawud da ya ratsa ginshiƙan biyu ya wuce haƙarƙari biyu ko uku a kowane ɓari, efoksi, sannan ɗaurin ƙyallen gilas a zagaye mahaɗar. Takalmin a fere ƙarshensa ya siranta a hankali. Idan ya ƙare kwatsam da kaurinsa, karyewar za ta koma daidai inda ya tsaya.

Guga kuwa da dogon katako miƙaƙƙe ake yi, wanda aka manna wa sanfefa, ya hau haƙarƙari huɗu ko biyar a lokaci guda. Sanfefa a tafin hannu tana bin rami ta ƙara masa zurfi. Goshi ya fi komai buƙatar kula: a yanka ɗan ma'auni mai siffar goshin daga zane a riƙa gwadawa a wurare da dama, domin 'yan milimitocin farkon nan su ne ke yanke yadda iska za ta bi sauran.

Fata ce ke zuwa ƙarshe, kuma ita ce ke lalata fukafukan da aka gina daidai. Ko takarda ce mai laushi da ake fesa wa ruwa ta ja sannan a shafa mata maganin da ke ƙara ɗaure ta, ko ledar nan da ake mannawa da ƙaramin dutsen guga zafi ya tsuke ta, duk ja suke yi, kuma jan yana da ƙarfin lanƙwasa katako. Ana fara rufe ƙasa, sannan sama ta hau kanta a baki. Kada a tsuke ɓari ɗaya har ƙarshe alhali ɗayan na sako-sako. A manne gefuna duka tukuna, sannan a riƙa tsukewa kaɗan-kaɗan, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Mai takarda ya mayar da fiffiken kan allo ya danne shi, da tallafin ƙarshen nan a wurinsa, har ya bushe sarai, kuma ya yi shafin a inda iska ke ratsawa, nesa da wuta, domin maganin na kamawa da wuta.

Bayan haka sai dubawa. A ajiye fiffiken a matsa baya taku uku ko huɗu, a tsuguna a dube shi ta baya daidai tsakiya, ido ɗaya a rufe. A riƙa sauke kai a hankali. Cikin fiffiken dama da na hagu ya kamata su bayyana a lokaci ɗaya, da faɗi ɗaya. Idan ɗaya ya riga ɗaya, akwai murɗi. Fiffiken da ba a rufe gabansa da katako ba yana gyaruwa: mutum ɗaya ya murɗa shi ya ɗan wuce daidai ta kishiyar murɗin, fatar ta yi tamoji, ɗayan ya bi tamojin da zafi sama da ƙasa har su ɓace, a riƙe har ya huce. A sake dubawa bayan kwana biyu, don wani lokaci yakan koma. Daga nan a ɗora tsakiyarsa a kan bakin rula a ga ko wani ɓari zai rinjaya. Idan ya rinjaya, a cusa ɗan guntun dalma da bai wuce giram ɗaya ko biyu ba a can ƙarshen ɓarin da ya yi sama, domin a can nesa da tsakiya ne ƙaramin nauyi ke yin aikin babba.